Ƙorafi Kan Sauya Launin Gida Na Sha Huɗu

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Tsara Birni da Ƙawata Muhalli,
Babban Ofishi, Hawa na Biyu.

Daga:
Mai ɗinki, mazauniyar Gida na 14,
Layin Bakin Teku.

Litinin, 9 ga Yuni, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHAFA WA GIDANA FARIN FENTI DA HAƊARIN DA HAKAN YA JAWO WA MASUNTA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, har da huɗun da suka zo gidana, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni tela ce, shekaruna sittin da ɗoriya, ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Abin da ya sa na rubuta yau shi ne autana yana cikin teku, yana dab da dawowa, kuma gidan da yake dubawa ya shigo da jirginsa lafiya an sauya masa launi bai sani ba.

1. A gaban unguwarmu akwai duwatsu kwance a ƙarƙashin ruwa, da mashigi guda ɗaya a tsakaninsu wanda bai fi faɗin jirgi biyu ba. Mai shigowa daga teku yakan nemi gida mai ruwan ɗorawa, wato gidana, ya yi ta karkata har sai ya ga tankin ruwan da ke kan tudu ya hau daidai kan rufin, sannan ya miƙe. In tankin ya goce hagu ko dama, to dutse ne a gabansa. Mahaifin marigayi maigidana ne ya fara shafa launin, dattawan masunta suka mayar da shi doka: duk wanda ya zauna a gidan, launin yana wuyansa. Ba a rubuta dokar ba, amma ban taɓa jin wanda ya karya ta ba.

2. Ina so Mai Girma ya sani ba ƙaunar launin nake yi ba. Wallahi tun ranar da aka kawo ni gidan nan na tsane shi. Ni da nake zaɓa wa mata kalar da za ta karɓi fatarsu, shekara arba'in ina zaune cikin gida kamar gwaiduwar ƙwai. Yaran layi suka laƙaba mini Iya Gwaiduwa, yanzu har jikokina da shi suke kirana. Na taɓa roƙon marigayi ya bar ni in yi wa ƙofa kaɗai shuɗi, bawan Allah ya kwana biyu bai ci abincina ba. Don haka da na ji sabuwar Dokar Ƙawata Bakin Teku ta ce kowane gida mai kallon ruwa ya koma fari, ba zan ɓoye ba, na ɗan ji daɗi kafin hankalina ya dawo jikina.

3. Ranar Laraba, 28 ga Mayu, ma'aikatanka huɗu suka iso da mota da durom na fenti. Na yi musu bayanin duk abin da ke sama. Shugabansu, wani saurayi mai ladabi da farar hula, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya tausaya, amma umarnin da aka ba shi bai ware kowane gida ba. Na ba su ruwan sanyi, suka yi aikinsu. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko ɗigo ba su bari a tagogi ba. Sai dai yanzu gidajen layin duka farare ne tas, masu jirgi sun ce daga cikin ruwa ba ka bambance ɗaya da ɗaya.

4. Ranar Litinin, 2 ga Yuni, da rana tsaka, maƙwabcina da ake kira Dogo, wanda ya tsufa yana bin mashigin nan, ya ɗauki Gida na 16 a matsayin nawa. Jirginsa ya hau dutse ya tsage. Allah ya kiyaye rayuka, shi da yaransa suka fito da iyo, kifin ya koma inda ya fito, wandon Dogo ma ya bi shi. Duk layin aka yi ta dariya, ni ma na yi. Da na koma ɗaki na kasa cin abinci, domin Dogo ya san an sauya fentin, a gabansa aka yi, kuma duk da haka ya ɓata.

5. Washegari na je ofishin kula da tashar jiragen ruwa. Jami'in ya karɓe ni da mutunci, ya ce ikonsu yana ƙarewa inda ruwa ya ƙare, in da gidana yana yawo a kan ruwa da tuni sun shiga maganar. Na taho ofishinku, hawa na ɗaya, aka ce ikonku yana ƙarewa inda yashi ya jiƙe, abin da ya sami jirgi ba huruminku ba ne. Na tambaya wa ke da iko da gidan da ke tsaye a ƙasa yana aiki a cikin ruwa. Aka ce in rubuto.

6. Kafin in rubuto na yi ’yar dabarata. Na haɗa labulena da zannuwan gado biyu da yadin wata mai kawo mini ɗinki, duka masu ruwan ɗorawa, na ɗinke su na sa aka rataya daga rufi. Kwana ɗaya suka yi. Saurayin nan mai farar hula ya dawo, ya gaishe ni har ƙasa, ya sauke su ya tafi da su, wai dokar ta hana shanya a gefen da ke kallon teku. Mai yadin ba ta ji labari ba tukuna, kuma mace ce mai baki.

7. Autana ya fita tun ranar 20 ga Mayu, shi da mutum shida, can nesa inda waya ba ta samun sabis. Sukan dawo in ƙanƙarar da suke adana kifi da ita ta kusa narkewa, wato ƙarshen makon nan ko farkon na gaba. Na'urar nuna hanya ta jirginsu tana kawo su gaban gari, amma mashigin da ido ake shigarsa. Shugaban masunta ya sa ana ɗan leƙawa da kwale-kwale ko za a tare su, sai dai ba wanda ya san rana ko sa'a, kuma kowa yana da bakunan da yake ciyarwa. Ranka ya daɗe, maigidana a kan gadonsa ya rasu, ina riƙe da hannunsa, abin da ba kowace matar masunci ke samu ba. Haka nake so wa ɗana, bayan ya tsufa. Tsoro nake ji.

Bisa ga haka, ina roƙon Mai Girma cikin ƙasƙantar da kai:

Na farko, a cire Gida na 14 daga cikin dokar, a ba ni izini a rubuce in mayar da launinsa.

Na biyu, a dawo mini da ƙyallayena, musamman yadin.

Na uku, in ana shakkar maganata, a turo jami'i ya shiga ruwa ya duba da idonsa. Dogo ya ce shi zai kai shi da kansa da zarar an gyara jirgin, ko da yake ban ba da shawarar a yarda ba.

A ƙarshe, don kada a ce na yi abu a ɓoye, ina sanar da Mai Girma cewa na sayi bokiti uku na fenti. Ranar Alhamis, 12 ga wata, da safe zan fara shafawa. Ba raini ba ne, ina girmama doka, a ƙarƙashin biyu ma nake zaune. In izini ya iso kafin nan, na gode. In bai iso ba, ma'aikatanka za su same ni a kan tsani, ba sai sun wahala nema ba. Alfarmar da nake roƙo ita ce su bari in gama bangon da ke kallon teku kafin su tafi da ni, kuma ɗayansu ya riƙe mini tsanin, domin gwiwoyina ba su da ƙarfi.

Allah ya ja zamaninka, ya taya ka riƙo.

Mai biyayya gare ka,

(sa hannu)
Mai ɗinki, Gida na 14,
Layin Bakin Teku.