Awa Shida da Minti Arba'in

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da zumunci ya wajabta mini, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma buɗe maka kunne. Mu nan sai godiya. Kawu ya samu sauƙin ƙafarsa, Babban Yaya ya koma bakin aiki. Umma kuwa ka san halin da take ciki, sai dai in ka ga damar mantawa.

Ranar Talata na sake kai ta wurin likitan ido. Ya ɗaga mata yatsu uku, ta ce biyu ne, har tana dariya don kada hankalina ya tashi. Da muka fito ya ja ni gefe, ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma da wuya ya ƙara wata biyu. A mota ta ce mini in dai ta ga fuskar autanta sau ɗaya, sauran duhun za ta iya da shi. Na faɗa maka a waya, ka ce wai akwai nisa, a riƙa nuna mata kai ta bidiyo. Matar da ba ta ƙirga yatsu daidai? Hancinta take mannawa a jikin wayar, sannan ta tambaye ni ko ka yi ƙiba.

Shekara bakwai kana yi mana waƙar nisa, ni kuma ina haɗiyewa, tunda ban taɓa hawa jirgi ba. To jiya na shiga ofishin masu sayar da tikiti, na tambayi matar da ke kan tebur. Ta juyo mini da kwamfuta, ga layi ɗaya daga garinku zuwa namu, ya ƙetare teku. Kilomita dubu biyar da ɗari biyu, awa shida da minti arba'in, ba a sauka ko'ina, sau huɗu a mako. Sai da na sa ta maimaita, kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin. Auta, ranar Talata awa bakwai muka yi a kan bencin asibiti. Da ka tashi lokacin da muka karɓi kati, da ka sauka ba a kira sunanta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ce na rufa maka asiri. Tun shekarar farko na ce wa Umma tafiyar kwana uku ce a sama, don kada ta sa abin a ranta. Yanzu duk maƙwabciyar da ta taɓa maganarka, sai Umma ta tare ta, ta ce a ƙyale mata yaro, kwana uku ba wasa ba ne. Da ƙaryata take kare ka, kuma na gaji.

Kada ka sake aiko tabarau, uku ke nan a aljihun tebur. Na ba ka zuwa ƙarshen watan nan ka faɗa mini ranar saukarka. In ban ji ba, wallahi zan zauna a gefen gadonta in faɗa mata awa nawa ne, ta yi lissafin shekara bakwai da kanta.

Kawu yana gaishe ka. Babban Yaya ya ce ba shi da saƙo. Ka gaida mai ɗakinka da yara, su ba ruwansu. Umma ta ji ina rubutu, ta ce lallai in gaya maka, in za ka taso ka riƙo rigar sanyi da abinci isasshe, saboda tsawon hanya.

Wassalam,
Yayarka, wadda ta goya ka.