Ɗakin Ligaya a Mahalapye

Mahalapye, Botswana
9 ga Satumba, 1994

Zuwa ga yayata, Manang Perla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Ligaya da mutanen Batac baki ɗaya.

Kin ce in ba ki labarin garin. To, ranar da na iso sai da haushi ya sa ni kuka. Na shiga kanti na ce a ba ni sukari. Mai kantin ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar China, a garinku ba a gaisuwa?" Na ce ni 'yar Filifin ce. Ta ce, "Ko daga sama kika faɗo, fita ki sake shigowa." Manang, ni da na yi shekara takwas ina aikin jinya a ƙasashen mutane, sai ga ni na fita na dawo ina "Dumela, Mma" kamar 'yar firamare!

Ashe maƙwabciyata ce, MmaTebogo. Yanzu ita ke aiko min tuwon dawa. Ta tambayi sunan 'yata, tun daga ranar duk unguwa MmaLigaya suke kira na, don nan da sunan ɗiyarta ake kiran mace. Kullum sai an ce, "To ina ita Ligayar?" Na gaji da rasa amsa.

Asibiti sun ba ni gida mai ɗaki biyu, na yi wa ɗaya fenti saboda Ligaya. Takardar zaman yarinyar ta fito, makaranta ma sun karɓe ta. Ki shirya min ita a Disamba.

Ƙanwarki,
Divina

Batac, Ilocos Norte
2 ga Oktoba, 1994

Ƙanwata, Ading Divina,

Muna lafiya, mun gode Allah.

"Ki shirya min ita." Buhun tafarnuwa ce? Tana da shekara biyar kika ajiye min ita a bakin ƙofa kika hau mota. Yau shekarunta goma sha uku. Kin san lambar takalminta? Kin san ba ta cin jatan lande, jikinta ya kan kumbura? Da asma ta shaƙe ta bara, ni na goya ta har asibiti, ke kina can kina shafa wa 'ya'yan wasu magani.

Yanzu don matan unguwa sun sa miki suna, sai in ɗauki yarinya in tura ta inda uwarta ma sai da aka kore ta daga kanti. Ƙasar da ba teku, ba dangi, ba ko kabarin kakanta. Kwantiraginki shekara biyu ne. Ki gama ki dawo gida kamar mutanen kirki.

Ki gaida mai tuwon dawar.

Yayarki,
Perla

Mahalapye
28 ga Oktoba, 1994

Manang,

Ina gaisuwa, ko da yake wasiƙarki ba ta bar min wani ladabi mai yawa ba.

Ta iske ni a gadon asibiti, an yi min aiki a ciki. Ban gaya miki ba don kada ki tsorata yarinyar. Kin san wa ya zo duba ni? Ba 'yan ƙasarmu na babban birni Gaborone ba, masu taruwa ran Lahadi su ci miyarmu ta pinakbet suna zagin ƙasar da ke ciyar da su. Shugabarsu kati ta aiko, sunana ma ba ta rubuta daidai ba. MmaTebogo ce ta rufe kantinta ta zauna a kaina, tana ɗura min kunu tana faɗa: "Sha, MmaLigaya! In kika mutu, wa zai yi wa yarinyar nan bayani? Ni ba na jin yarenku."

Shi ne kike cewa ba dangi? Na yi aiki a ƙasashe uku, nan ne kawai aka tambayi sunan 'yata kafin a tambayi ranar tafiyata. Ba zan dawo bayan shekara biyu ba. Na gaji da zaman da kullum akwati yana ɗaure. Nan zan zauna.

Ban tafi yawon shan iska ba, Manang, kin fi kowa sanin abin da ya fitar da ni bayan rasuwar ubanta. Ni na haife ta. Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, ba za ki san abin da nake ji ba. Ki turo min 'yata.

Divina

Batac
20 ga Nuwamba, 1994

Divina,

Allah ya ƙara sauƙi.

Kafin wasiƙarki ta zo na riga na huce. Na kai Ligaya an ɗauke ta hoton fasfo, na saya mata rigar sanyi, na rubuta wa malaminta. Sai ga saƙonki. Idona ya yi rauni yanzu, Ligaya ce ke karanta min wasiƙu. Daga bakinta na ji cewa ban taɓa haihuwa ba.

Gaskiya kika faɗa. Ba ni da abin ƙarawa.

Perla

Batac
21 ga Nuwamba, 1994

Mama,

Ina gaishe ki, ya jiki?

Wata uku kuna ja na tsakaninku, babu wadda ta tambaye ni. To, ga tawa.

Ina son ganin ɗakin, da matar da ta kore ki daga kanti. Zan zo. Amma Anti Perla ta daina cin abinci tun ranar da na karanta mata wasiƙarki, ta ce wai ciki ne ke damun ta. Ba ciki ba ne.

Fasfona yana hannuna, ba hannunta ba, don haka kada ki ga laifinta. Ki rubuto mata ki ba ta haƙuri, ki cika takarda, ba layi biyu ba. Ni zan karanta mata, kuma in ban gamsu ba, ba zan hau jirgi ba.

Takalmina lamba talatin da shida ne.

'Yarki,
Ligaya