Gauraki Biyu a Bangon Falo

Noboru,

Na tafi maƙabarta, ban tashe ka ba.

Ɗazu Malama Fujie mai zane ta kawo hoton da babanka ya sa ta yi kafin ya kwanta asibiti. Gauraki biyu ne. Ta ce, "Shi ya ce in buɗe bakin ɗaya, wai ke ce kina masa faɗa."

Na rataye shi a falo. Na daɗe ina kallo, ban ji komai ba.

Na sani, hoton biki ne, ba a sa irinsa a gidan makoki. Goggonka za ta yi magana. Bar ta ta yi, kada ka sauke shi.

Ko ba komai, ta cikin hoton tana da wanda za ta yi wa faɗa.

Mama