Farin Layi a Naɗi na Uku

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998

Fim ya iso a bas ɗin safe daga Vedritsa, gwangwani biyar. Tsohon fim ɗin Italiya ne, baƙi da fari, wanda Farfesa Raykova ta shafe wata huɗu tana damuna in samo wa ɗalibanta. Kwafi ɗaya tak kamfanin yake da shi mai fassara da harshenmu, shi ake ta aro daga wannan gari zuwa wancan.

Na ɗora naɗi na uku a teburin dubawa, na ɗaga wa fitila. Karce. Layi ɗaya miƙe sambal, tun daga farko har kusan ƙarshe. Na jawo katin da ke bin fim, inda kowane mai majigi yake rubuta yadda ya karɓa da yadda ya sallama. An rubuta: "Lafiya lau. S. Varbanov."

Da wani ne, ko a jikina. Duk maƙaryata ne, kowa ya ɓata sai ya rubuta lafiya lau ya tura wa na gaba ya ɗauki laifin. Na sha samun gashi a gwangwani, na samu maiƙon cuku, sau ɗaya har da mataccen kyankyaso. Amma Stamen Varbanov, mai nuna fim a ɗakin karatun ƙauyen Vedritsa? Shekara goma sha ɗaya fim na fitowa daga hannunsa zuwa nawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, rubutunsa kawai na sani, kuma idan ya ce akwai tsaga uku a gefe, uku zan ƙirga. Ashe shi ma. Tir.

Talata, 6 ga Oktoba

Na kira Hubenov, wakilin kamfanin a Sofiya. Yana taunar wani abu a cikin kunnena tun daga gaisuwa har sallama. Ban ambaci suna ba, na ce dai akwai karce.

Ya ce, "Ki rubuta a kati inda ya faru, ki dawo mana da kayanmu kafin sha huɗu ga wata. In na ƙauyen nan ne, mun daina ba su fim har abada, dama sun ishe ni. In ku ne, sai ku huta zangon karatu ɗaya."

Shekara goma sha tara ina wannan ɗakin majigi na jami'a, babu ɗigon tawada ko ɗaya a kan sunana. Ba zan fara ba saboda wani tsoho marar kunya.

Laraba, 7 ga Oktoba

An nuna da yamma. Layin ya raba fuskar matar masuncin da ke cikin fim ɗin gida biyu na tsawon minti goma sha takwas, ni ina sama ina jin kamar a fuskata aka yi shi. Da aka tashi na sauko na tarar da ɓawon 'ya'yan kabewa ko'ina, da cingam a bayan kujera. Wani ɗalibi mai gemu ya tsaya yana yi wa 'yan mata bayani, wai layin nan da gangan mai shirya fim ya sa shi don ya nuna rabuwar zuciyar matar. Raykova tana gyaɗa kai! Farfesa guda. Na koma sama kafin in faɗi abin da zai raba ni da aikina.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Katin yana kan tebur. Na cire murfin biro sau uku.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Zan je Vedritsa in kalli Stamen ido da ido tukuna. Ina son in ga yadda fuskar mai kyakkyawan rubutu take idan tana ƙarya. Daga nan in rubuta.

Asabar, 10 ga Oktoba

Awa biyu da rabi a bas, kusa da wata mata mai kwandon albasa da zakara a ƙarƙashin kujera. Na sauka na nufi ɗakin karatun.

Ɗakin karatun warin danshi yake yi. Wata gajeriyar mata, Ginka, ita ce mai kula da wurin, ta hau da ni wani tsani mai girgiza. Stamen yana zaune yana duba fim ɗin da za su nuna gobe. Dogo, siriri, da farar riga mai tsabta, abin da ban zata ba. Zaren fim yana bi ta tsakanin yatsunsa biyu, shi kuma idonsa yana kan rufin ɗaki.

Da ya ji sunana sai ya miƙe. "Nevena! Mai rubutu kamar tonon kaza. Zo nan, 'yata, ashe zan ji muryarki kafin in mutu." Ya miƙa hannu wajen da ba na tsaye.

Ya ce sai na sha shayi. Ya zuba rabi a kofi rabi a kan tebur, Ginka ta goge. Yana ta nuna mini yadda yake dubawa, wai yatsa ba ya ƙarya, ko tsaga ɗaya ce a gefe zai ji ta. Gaskiyarsa, gefe zai ji. Karce kuwa a tsakiyar hoto yake, inda babu mai majigin kirki da zai sa yatsa.

"Yaya kika samu na Italiyan nan? Na lallaɓa miki shi kamar ƙwai."

Na ce ya iso.

Da ya sauka neman banitsa, wainar nan mai cuku, wai kada in tafi da yunwa, na buɗe majiginsa na leƙa mashigar da zaren ke bi. Ga shi nan. Datti ya daskare ya zama ƙulli, bai wuce ƙwayar riɗi ba, tauri kamar dutse. Na kankare shi da tsinken ashana.

Na juya kan Ginka. Na ce tun yaushe? Ta ce tun bara yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu kuma inuwa kawai yake gani. Idan ya kunna fim, ita tana ƙasa kusa da bututun ɗumama ɗaki, yana murɗa gilashin majigi a hankali, in hoto ya fito sosai sai ta ƙwanƙwasa bututun da cokali. Kati kuma ita ke ɗora masa rula a kan layi ya sa hannu.

Na ce kun ga karcen? Ta ce, "Mu goma sha bakwai ne muke zuwa, dukkanmu mun gani." Na ce kuka yi shiru? Ta harare ni. "Ke da kika taso tun daga birni, ga shi nan yana hawowa. Faɗa masa mana."

Na ci banitsar. Ta yi gishiri.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Gari guda na munafukai. Mutum goma sha bakwai sun zauna suna kallon fim yana yagewa a gabansu, kwafin da babu irinsa a ƙasar nan, babu wanda ya ɗaga murya. Wai tausayi. Tausayin da za a biya da fim ɗin mutane, a kuma jefo mini da gawar a bas.

Abin da ya fi ci mini rai, bai yi ƙarya ba. Na tafi da zagi cike da baki, na dawo da abina ban sami inda zan sauke ba.

Ginka ta ce tun da matarsa ta rasu Stamen yake kwana a ɗakin majigin rabin mako. Wa ya tambaye ta?

Litinin, 12 ga Oktoba

Na ɗaure gwangwanayen, na kai tasha. A kati na rubuta: "Karce a naɗi na uku. A majigina ya faru wajen gwaji, ranar 5 ga wata. N. Drumeva."

Ko rubutun bai yi kyau ba. Na wanke hannu sau biyu da na dawo.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Takardar Hubenov ta iso. Babu fim sai Fabrairu. Raykova ta hawo har ɗakina, karo na farko a shekara goma sha tara, tana haki. Wai na kunyata sashe, wai dama ta lura da layin nan tun ranar. Ita da take gyaɗa kai! Ta ce za ta sa a ajiye takardar gargaɗi a fayil ɗina. Na ce a ajiye. Yanzu tsohon bidiyo za su riƙa kallo a talabijin, kuma na rantse babu ɗayansu da zai ga bambanci.

Talata, 27 ga Oktoba

Babu aiki. Na goge majigi duka biyu, ko da yake babu abin gogewa.

Juma'a, 30 ga Oktoba

Waya da hantsi. Stamen ne. Labari ya kai masa ta bakin direban bas.

"Nevena, me nake ji haka? Ke? Fim ɗin da na sallama miki lafiya lau?" Ya ce ya yi kwana biyu abin na damunsa, don a duk garuruwan da fim ke bi ni kaɗai yake yarda da katina. "Sakaci ne, 'yata, ba wani abu ba. Ba kya goge mashiga bayan kowane naɗi, ku 'yan birni gaggawa ta yi muku yawa. Amma kin rubuta gaskiya, wannan kam na yaba miki."

Na ce na gode, Kawu.

Ya ce tunda ba ni da aiki har Fabrairu, in riƙa zuwa duk Asabar kafin su nuna fim, zai tsaya a kaina in goge majiginsa da hannuna har sai na iya. Wai ba zai bari in sake jin kunya irin wannan ba.

Tsoho mai taurin kai, da garinsa mai warin danshi, da banitsarsu mai gishiri. Ban ce masa zan je ba. Na dai tambayi direba, ya ce bas ɗin ƙarfe bakwai ya fi sauƙin cunkoso.