Fatsa a Busasshen Dam

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar? Ya mutanen gida? Mu nan Madina lafiya lau.

Ranar Alhamis na kai jikarka Hafsa wani dam cikin duwatsu. Na ɗauki fatsar da ka ba ni, har da yaji, ina cika mata baki za ta ci gasasshen kifi. Muka tarar ba ko ɗigon ruwa. Ashe sai an yi ruwan sama yake tarawa.

Hafsa ta ce da Larabcinta, “Khalas, shi ke nan, Abba, mu je wurin Kaka, shi ya san inda kifi yake.”

Shekararta shida, Baba, ba ta taɓa ganinka ba. Ka yi addu'a a ba ni hutu bana. A gaida Inna.

Ɗanka,
Sani