Kwanon Uwar Ye-rim

Mokpo, kafin bikin Chuseok

Yaya Geum-rye,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki Pan-seok, sarkin busasshen kifi na kasuwar Mokpo. Ya gwiwar nan taki? Ya maigidan, yana nan da minsharinsa? Mu lafiya lau. Ki haƙura da rubutun, kin san ni da alƙalami ba ma ga maciji.

Yaya, akwai rigima. Jiya muna naɗin wainar shinkafa ta biki, ni da Ok-bun matata da ƴarmu Ye-rim. Tawa ta fi ta kowa kyau, ko da yake Ok-bun ta ce kamar mota ta taka kwaɗo. Sai yarinyar ta ajiye nata ta ce, "Baba, ranar Chuseok ana zuba wa su Kaka da suka rasu abinci. To mamata ta farko wa ke zuba mata?"

Shekararta guda a hannunmu, ba ta taɓa ambaton matar nan ba. Kin san uwar ta rasu, yarinyar ba ta da kowa, shi ya sa gidan marayu suka ba mu ita. Na ce, "Yo ni mana! Ubanki da ke ciyar da rabin Mokpo, kwano ɗaya ne zai gagare shi?"

Na kira babban wanmu, Yaya Pan-ho, tunda a gidansa ake shirya teburin magabata. Wai teburin na jininmu ne, ba a gayyato baƙuwar fatalwa. Na ce marigayi Babanmu da ke janyo mai wucewa ta hannun riga ya ci abinci, shi zai kori mace ɗaya? Ya kashe waya.

Na sayi kwano da cokali sababbi. Da su zan je. In kin kira shi kar ki ba shi haƙuri a madadina, ban yi laifi ba.

Naki,
Pan-seok

Mokpo, bayan biki

Yaya,

Ina gaishe ki. Na ji an ce labari ya riga wasiƙata zuwa wajenki a Busan, to ga na gaskiya daga bakin mai shi.

Da safe aka jera tebur, kifi, gasasshen nama, tuffa, komai. Na ɗora kwanona can gefe, kusa da na marigayiya Innarmu. Yaya Pan-ho ya sauke. Na mayar. Ya sake saukewa, ya ce, "Pan-seok, tun kana yaro ba ka da kai. Ko kwanon ya fita ko ka fita."

Na ce, "Babban Yaya, ai tare muka zo, tare za mu fita."

Ye-rim ta riƙe min wando tana cewa a bari, ba komai, mamarta ba ta cin abinci da yawa. Yaya, maganar nan ta fi ƙarfina. Ni da na taɓa ɗaga buhu uku a kafaɗa ɗaya.

Na ɗauko akwatin kifi daga mota na kifa shi a bakin ƙofa, daidai inda aka bar ta a buɗe don magabata su shigo. Na ce duk wanda zai shiga sai ya gaisa da baƙuwarmu. Ok-bun ta shimfiɗa mayafinta a kai, na ɗora kwanon. Muka soka cokali a shinkafa, mu uku muka rusuna har ƙasa, maƙwabta na leƙe ta katanga. Na ce musu, "Ku kalla da kyau, kyauta ne!" Matar Yaya ta fito sum-sum ta ajiye miya, ta koma ciki.

Sai muka juya baya don matar ta ci a natse. Ni kuwa na ce kar yarinya ta waiwayo ta ga kwano cike ta ce uwarta ta ƙi zuwa. Na miƙa hannu ta baya na yi loma guda, ba wanda ya gani, kin san saurina.

Da muka juyo, Ye-rim ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta kalle ni. Ta jawo kunnena ta ce, "Baba, goge bakinka, akwai shinkafa. Kar Mama ta ji kunya ta ce an raba mata."

Yaya Pan-ho ya ce kar in sake taka gidansa sai na yi hankali. To zai daɗe yana jira. Na sa kafinta ya yi min tebur, ya fi nasa faɗi. Sabuwar shekara a gidana za a yi, Baba da Inna da uwar Ye-rim a jere. Ki zo da hoton Baba wanda yake dariya. In Babban Yaya ya ga dama, ƙofata a buɗe take, ni ba na korar baƙo.

Ye-rim na gaishe ki. Ta ce mamarta na son lemo, ki taho da mai zaƙi.

Ƙaninki da ba a kayarwa,
Pan-seok