Gonar Aro Ma Tana Buƙatar Taki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Takin Tallafi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni 'yar aji biyar ce a sakandare, ko a aji da ƙyar nake ɗaga hannu. Amma da hannuna wannan abu ya faru, don haka ba zan yi shiru ba.

Mahaifina, Malam Bukar, dako yake yi a Kantin Kwari da rani, da damina kuma ya noma masara a bayan gari. Gonar ba tasa ba ce. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ne ya ba shi aro tun kafin a haife ni, a gaban mai unguwa, ba tare da takarda ba. In an girbe, Baba ya kai masa buhu guda na godiya. Masarar nan ita muke ci har shekara ta zagayo.

Na farko, Baba bai yi boko ba, ni na cike masa fom ɗinku. Akwai gurbin da kuka tambaya ko gonar mallaka ce ko aro. Maƙwabta suka ce in rubuta mallaka, kowa haka ya yi. Na rubuta aro, domin aro ce.

Na biyu, da aka manna sunaye, duk waɗanda suka rubuta mallaka sun fito, har da wanda na san ko fartanya ba shi da ita. Sunan Baba babu. Sau uku ya bar aikinsa ya je ofishinku, ana ce masa ya kawo takardar gona. Ranka ya daɗe, wace takarda? Aron gona a wurinmu da baki ake yinsa da shaidu. In ba za ku karɓi amsar ba, me ya sa kuka buga ta a fom?

Na uku, a zuwansa na ƙarshe wani ma'aikaci ya ba shi sabon fom, ya ce a gyara wannan gurbin kawai, a rubuta mallaka. Fom ɗin yana nan cikin jakar makarantata. Ba zan gyara ba. Baba bai tsawata mini ba, cewa ya yi na yi daidai, sannan ya tafi duba masarar da ganyenta ya fara yin rawaya. Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ga roƙona. Ku karɓi shaidar mai unguwa da ta mai gona a madadin takarda. Ku aiko wani ya ga gonar da idonsa, ni zan nuna masa hanya. Kuma a yi kafin masarar ta yi goyo, domin bayan nan takin ba shi da amfani a gare mu.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci. Ina neman izininka in sake rubutowa bayan girbi, in gaya maka abin da gonar ta bayar, da takinku ko babu.

Wassalam.

Falmata,
Fagge, Kano.